Ɗanyen tumatir ko dafaffe, kuma da gaske 'ya'yansa na kawo tsakuwar ƙoda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tumatir ya yi araha a wajenmu yanzu, har maigida kan sayo kwando guda. Yana fama da hawan jini, ya ji an ce ɗanyen tumatir magani ne, shi ne yake cin uku ko huɗu kullum da safe kafin ya karya. Surukata kuma ta ce in daina ba yara ɗanye, wai 'ya'yan cikinsa ke taruwa su zama tsakuwa a ƙoda. Ni kuma miyata takan daɗe a wuta, kuma ina jefa 'yar kanwa saboda tsami. Shin kashe amfaninsa nake yi? Sannan yaya zan adana ragowar kafin ya yi tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya raya zuri'a.

Ɗanye da dafaffe kowanne da abin da yake bayarwa, kuma abin da wuta ta rage a nan tana ƙara wani a can, don haka gidan da ke cin duka biyun ya fi kowa riba. Maigida ya ci gaba da cin tumatirinsa, amma kada ya kuskura ya ajiye maganin asibiti saboda shi. Hajiya kuma tana da gaskiya da take sa ido kan abin da jikokinta ke ci ɗanye, sai dai ba 'ya'yan tumatir ne abin tsoron ba. Kanwar nan taki ce zan fi tsayawa a kai, don ta fi duk abin da kika lissafa shafar lafiyar maigida.

Tumatir kusan duk ruwa ne: a giram 100, wato babba ɗaya ko ƙanana biyu, kusan giram 94 ruwa ne. Kalori 18 kacal ke ciki, sukarinsa kaɗan ne, gishirinsa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa mai ciwon sukari da mai son rage ƙiba za su ci su more ba tare da fargaba ba. A cikin giram 100 ɗin akwai bitamin C kimanin miligiram 14, fotasiyam kimanin miligiram 237, da ɗan folet wanda mai juna biyu ke buƙata, da ɗan bitamin K. Babbar mace na buƙatar bitamin C wajen miligiram 75 a rana, namiji 90. Kin ga tumatir bai kai gwaiba ko lemon zaƙi ko ɗanyen tattasai ba ta wannan fuskar. Fifikonsa shi ne kullum yana cikin tukunyarmu, ba sai an yi shirin sayensa na musamman ba.

Bitamin C ba ya jure zafi, ba ya jure iska, kuma yana narkewa a ruwa. Wannan shi ne rabon mai cin ɗanye. Babban aikin da nake so ki riƙe game da shi a abincinmu shi ne taimakon da yake yi wa hanji wajen tsotsar ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, wanda ke cikin wake, zogale, rama, alayyafo da gero. Ayon ɗin tsirrai yana da wuyar shiga jiki, amma idan ya haɗu da bitamin C a ci ɗaya sai ya fi shiga. Saboda haka yankakken tumatir da ake watsawa a kan garau-garau ko ɗan wake ko kwaɗon zogale ba ado ba ne kawai. Iyayenmu sun haɗa abin daidai tun kafin a san sunan sinadarin. Abin da ke ɓata wannan haɗin shi ne kora abincin da baƙin shayi nan take, don shayi yana hana ayon shiga. A ba shi tazarar awa guda.

A nan ne maganar "tumatir na ƙara jini" ta samo ɗan gindi, amma an kai ta inda ba ta kai ba. Shi kansa tumatir ayon ɗinsa bai kai rabin miligiram ba a giram 100. Jan launinsa ba shi da wata dangantaka da jan jini. Masu dama tumatirin gwangwani da lemon malt su ba mai jego ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, sukari kawai suke ɗura masa. Wanda jininsa ya yi ƙasa a auna shi, a nemi dalili, a ba shi ƙwayar ayon idan ita ce ta dace, ya ci hanta da nama da wake.

Jan launin nan kuwa daga wani sinadari yake mai suna laikofin, wanda ake samu kuma a kankana da jar gwaiba. Halinsa kishiyar na bitamin C ne. A ɗanyen tumatir yana kulle cikin ƙwayoyin naman, haƙori ba ya iya fasa su duka, sai yawancinsa ya wuce ta hanji bai shiga jiki ba. Markaɗe da wuta su ke fasa ƙwayoyin, mai kuma shi ke ɗaukarsa ya shigar da shi jini, domin a mai yake narkewa ba a ruwa ba. A 2002 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun dafa tumatir a zafin digiri 88, suka auna. Bayan minti 30 bitamin C ya ragu da kashi 29 cikin 100, amma laikofin da ake iya samu ya ninka fiye da sau biyu da rabi. To miyar dage-dagenki ba asara ba ce. Rabin awa zuwa minti 45 ya wadatar. Abin da ya wuce haka bitamin C ne ke ta tafiya, laikofin kuma ba ya ƙaruwa.

Mene ne amfanin laikofin ɗin? A nan dole in yi miki magana da ma'auni, don an yi masa talla fiye da abin da bincike ya tabbatar. A 1995 wani bincike na Jami'ar Harvard da ya bi diddigin maza sama da 47,000 ya nuna cewa masu yawan cin miyar tumatir da dangoginta sun fi ƙarancin kamuwa da kansar furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Labarin ya zaga duniya, kamfanoni suka fara sayar da laikofin a ƙwaya. Da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tattara binciken da aka yi ta duba a 2005, sai ta ce hujjar da ke akwai 'yar kaɗan ce ƙwarai, kuma binciken da suka biyo baya wasu sun ga alaƙar, wasu ba su gani ba. Mutumin da ke cin tumatir da yawa galibi yana cin sauran ganye, kuma yana iya zama mai kula da kansa ta wasu hanyoyi, don haka da wuya a ware a ce tumatir ne ya yi aikin shi kaɗai. Ni a ganina, a ci shi a matsayin abinci mai kyau cikin giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so kowa ya samu a rana. Kuɗin ƙwayar laikofin kuwa gara a ƙara a cefane.

Yanzu ga maigida. Fotasiyam yana taimaka wa ƙoda ta fitar da gishiri, yana kuma sassauta jijiyoyin jini, wannan ba gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla miligiram 3,510 a rana. Manyan tumatir huɗu za su ba shi wajen kashi ɗaya bisa huɗu na hakan, wanda ba laifi. Amma binciken da ya nuna abinci na sauke hawan jini, irin wanda aka buga a Amurka a 1997 da ake kira DASH, ba a kan abu ɗaya aka yi shi ba. Tsarin cin abinci ne gaba ɗaya, mai yawan ganye da 'ya'yan itace da madara marar maiƙo, kuma da aka haɗa shi da rage gishiri daga baya sai sakamakon ya ƙara kyau. Mutum ya ci tumatir huɗu da safe, da rana a zuba masa miya mai dunƙule biyar, da dare ya ci tsire da yaji mai gishiri, ai bai yi komai ba. Gishirin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Sannan ba dole sai da safe kafin karyawa ba. Babu wani sirri a cikin hakan, illa ma ya tayar masa da ƙwannafi. Ya raba su cikin abincin yini.

Ga inda kanwa ta shigo. Mutane da yawa suna ɗauka kanwa ba ta da alaƙa da gishiri tunda ɗanɗanonsu ya bambanta. Alhali yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne, wato ainihin sinadarin da ke sa gishiri ya hau da jini. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi. 'Yar kanwar miya ba ta kai ta kunu ba, na sani, amma ga mai hawan jini kowane ƙari ƙari ne. Na biyu, kanwa tana kashe tsami ne ta hanyar rusa shi, kuma tsamin nan shi ke kare bitamin C a cikin tukunya. Da zarar ya tafi, ragowar bitamin ɗin da wuta ta bari sai ya lalace da sauri. Bakin hoda da wasu ke sawa a madadinta duk kanwar ja ce, ita ma sodiyam ce. Na uku, tana dusashe launin miya, ta kuma kwantar da ɗanɗanon.

Tsamin miya yawanci daga wuri uku yake zuwa. Ko tumatirin bai nuna sosai ba, ko an haɗa da wanda ya fara lalacewa, ko kuma markaɗen ya zauna. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi sakaci da shi: a aiki yaro inji da hantsi, ya tsaya layi, ya tsaya wasa, robar ta zauna a rana, ba a ɗora ba sai bayan azahar. Kafin nan markaɗen ya fara tsami irin na ƙullu. Da an kawo a ɗora. Ki tafasa shi a buɗe ba murfi har ruwan ya tsotse ya yi kauri. A wata tukunyar ki soya albasa mai yawa a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi laushi ta fara ja, don zaƙinta ya fito, sannan ki juye markaɗen ki ci gaba da juyawa har mai ya taso. Tsamin ba ƙonewa yake yi ba, zaƙin tumatir da na albasa ne ke taruwa su rinjaye shi. Idan har yanzu kina jin sa, ki markaɗa karas ɗaya ko yankin kabewa a ciki, ko ki ƙara tattasai. Duk wanda ya saba da miyar taushe ya san abin da kabewa ke yi wa tsami.

Mai kuwa, cokali biyu ko uku sun isa laikofin ya samu abin hawa. Kilo guda na tumatir kalori 180 ne. Gwangwanin madara ɗaya na man gyaɗa ya haura kalori 1,000. Miyar da mai ke iyo a kanta yatsa guda ba tumatir ake ci ba. Kuma idan miya ta kwana, ki juye ta daga tukunyar dalma zuwa kwanon silba ko na tangaran, domin tsami yana cin jikin irin wannan tukunyar, musamman waɗanda ake narka tarkacen ƙarfe a ƙera.

Sai maganar Hajiya. Ki gaya mata cikin ladabi cewa hanyar abinci daban, hanyar fitsari daban. Abin da aka haɗiya yana bi ta ciki da hanji ne, 'ya'yan tumatir kuma yadda suka shiga haka suke fita a bayan gida. Shi ya sa ake ganin tumatir ya tsiro a juji ba wanda ya shuka. Babu wata kafa da ƙwayar iri za ta bi ta isa ƙoda. Tsakuwa a cikin ƙodar take haɗuwa, idan fitsari ya yi kauri har gishirin da ke cikinsa ya fara daskarewa. Abin da ke jawo haka a ƙasarmu shi ne ƙarancin shan ruwa a lokacin zafi, da yawan gishiri, da yawan nama, da gado. Akwai wani sinadari mai suna ogzalet da ke cikin mafi yawan irin wannan tsakuwar, kuma tumatir yana da shi, amma kaɗan ne idan aka gwada da alayyafo. Maganar afendis ma da ake jingina wa 'ya'yan tumatir da na gwaiba, abu ne da ba kasafai likitocin tiyata ke cin karo da shi ba, bai kai a hana yaro abinci ba. Yaro daga wata shida zai iya cin dafaffen tumatir a fatensa.

Wanda zai yi taka-tsantsan na gaske shi ne wanda ƙodarsa ta riga ta raunana, musamman masu zuwa wankin ƙoda. Irin wannan ƙodar ba ta iya fitar da fotasiyam, idan ya taru kuma yana rikita bugun zuciya. Wasu magungunan hawan jini, irin su lisinopril da losartan da spironolactone, su ma suna riƙe fotasiyam a jiki. Ga mai lafiyar ƙoda tumatirin abinci ba matsala ba ne ko yana shan su. Amma tunda daɗaɗɗen hawan jini yana taɓa ƙoda a ɓoye, maigida ya roƙi likitansa a gwada masa ita aƙalla sau ɗaya a shekara. Masu gyambon ciki kuma su sani ba tumatir ne ya jawo musu ba. Yawancinsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Tumatir dai yana iya tsokano zafin ƙirji ga wasu. Wanda ya ga yana yi masa haka ya rage, wanda bai dame shi ba ya ci.

Abin da ya kamata Hajiya ta tsaya a kai shi ne wanki. Ba kowane lambu ake yi wa ban-ruwa da ruwa mai tsabta ba, na gefen birane da yawa ruwan kwata suke samu. Daga gona zuwa kwando, zuwa bayan mota, zuwa tiren mai talla, hannu nawa ya taɓa shi? Taifot da kwalara da tsutsar ciki ta nan suke bi. Ga kuma maganin feshi. Tun 2016 da ƙwarin nan da manoma ke kira Sharon suka cinye gonakin tumatir a Arewa, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, manoma da yawa ba sa wasa da feshi, kuma ba kowa ke jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya tsinka ba. Ki wanke kowane ɗaya da hannu kina murzawa, ana zuba miki ruwa mai tsabta yana wucewa, tun kafin wuƙa ta taɓa shi. Kada ki jiƙa tumatirin da ya sha rana a bahon ruwan sanyi ki bar shi, don yakan zuƙi ruwan ta wajen hancinsa, dattin ya koma ciki. Ki yanke hancin ki yar. Ban da sabulu ko omo. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ko kaza ba ta taɓa abin da za a ci ɗanye sai an wanke ta. Yankakken tumatir kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafinmu, wanda ke nufin na teburin mai tsire da aka yanka tun la'asar ba na yara ba ne. Idan kuma ana amai da gudawa a unguwa, a dafa komai har abin ya lafa.

Ruɓaɓɓen tumatir da ake warewa gefe a sayar da araha shi ne na fi jin tsoro, don talauci ne ke kai mutane gare shi, kuma ana cewa ai wuta za ta kashe komai. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma gubar da wasu nau'o'in fumfuna ke bari ba ta jin tafasa. A abu mai laushi da ruwa kamar tumatir, fumfuna tana yin jijiya can ciki fiye da inda ido ke gani, don haka yanke wajen baƙin bai wadatar ba. Ki bambance biyu: wanda nauyin kwando ya fasa yau, ba wari, ba fari-fari ko baƙi-baƙi a jikinsa, a wanke a dafa shi yau ɗin. Wanda ya yi fumfuna ko yauƙi ko wari, na juji ne.

Yanzu da yake kakarsa, ki ba ɗanye haƙƙinsa. A Turai da Amurka tumatirin gona a watannin zafinsu yake nuna, daga Yuli zuwa Satumba. Mu namu akasin haka ne, don zafinsu bai fi sanyinmu da yawa ba. Tumatir yana zubar da fure idan rana ta yi tsanani kuma dare bai yi sanyi ba, damina kuma tana kawo masa cututtuka. Shi ya sa na noman rani, irin na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam da ke shan ruwan madatsar Tiga, da na Danja a Katsina, yake cika kasuwa daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara. Har launinsa ya fi, domin laikofin ba ya haɗuwa sosai idan zafi ya haura digiri 30; wannan ne dalilin da na ƙarshen bazara ke fitowa ruwan goro-goro. Mai tauri irin UTC da Roma, mai nama da ƙarancin ruwa, shi ne na miya da shanya. Mai taushi mai ruwa shi ne na ci ɗanye.

Kuma kada ki matse ruwan cikin da 'ya'yan ki zubar kamar yadda wasu ke yi. A wannan ruwan mai yauƙi-yauƙi ne gulutamet ya fi yawa, sinadarin da ke ba daddawa da dunƙule daɗinsu. Tumatirin da ya nuna a jikin uwarsa yana rage miki buƙatar dunƙule, abin da maigida ke nema ke nan. Ki yanka shi da albasa da kokwamba, ki barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da ɗan lemon tsami, ki bar shi minti goma ya saki ruwansa. Mutanen Sudan suna da irin wannan, suna dama tunkuzar gyaɗa da lemon tsami su kwaɗa tumatir da ita, kuma ƙulin ko gyaɗar na kawo man da laikofin ke so. Wani abin da ba a cika yi ba alhali yana da daɗi: ki gasa tumatir da attaruhu da albasa a kan garwashi har bayansu ya ɗan ƙone, ki ɓare, ki jajjaga a turmi, ki zuba ɗan mai. Da doya ko dankali ko gasasshen kifi, ba ya buƙatar komai. Miyar ƙwai ta minti goma, wadda tumatirin bai gama narkewa ba, tana ba ki rabi-rabi: bitamin C bai tafi duka ba, laikofin kuma ya fara fitowa.

Kwandon nan kuwa, ranar da ya shigo gida ki juye shi, don na ƙasa yana mutuwa ne da nauyin na sama. Ki baza su a inuwa inda iska ke ratsawa, ba ɗaya kan ɗaya ba, hancin yana kallon ƙasa. Ki ware nunannu daga masu kore, saboda nunanne yana fitar da wata iska da ke gaggauta nunar na kusa da shi, kuma kullum ki duba ki tsame wanda ya fara laushi. Firij yana kashe ƙamshin tumatir idan sanyin ya yi ƙasa da digiri 12, don haka sai wanda ya nuna lugub ko wanda aka yanka ake sa wa. Tukunya cikin tukunya ta fi dacewa da shi: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabarar a ƙauyuka har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tana aiki sosai a busasshiyar iskar hunturu, tumatir ya yi mako biyu zuwa uku.

Don damina kuwa, kauɗa ce mafi sauƙi. Laifin wadda ake sayarwa shi ne a ƙasa ake shanya ta, wani lokacin a bakin titi, ta kwashi ƙura da yashi da kashin dabbobi. Taki ki yanka biyu ko huɗu, ki shanya a kan raga ko tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, ki rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, ki shigar da ita da dare. Sai ta bushe ƙayau, babu sauran danshi idan kin matsa, sannan ki zuba a mazubi mai murfi; wadda ba ta gama bushewa ba ita ke yin fumfuna a ajiye. Fiye da kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1. Bitamin C ɗinta ya tafi, amma laikofin da ɗanɗano suna nan.

Idan kwalba kike so, a nan akwai ƙa'idar da ba a karyawa: tumatir zalla, ban da attaruhu, ban da tattasai, ban da albasa. Tsamin tumatir ne ke hana wata muguwar ƙwayar cuta rayuwa a cikin rufaffiyar kwalba, wadda gubarta ke shanye jiki kuma ba lallai a ji wari ba. Sauran kayan miyan ba su da tsami, suna rage na tumatirin. Ki markaɗa, ki tafasa, ki zuba da zafinsa a wankakkiyar kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe da ke kamawa gam, ki sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, ki bar sararin yatsa ɗaya a sama. Ki jera kwalaben a tukunya da tsumma a ƙasa, ruwa ya shanye kansu, su tafasa minti 50. A wuri mai tudu irin Jos a kai 55. Duk wadda murfinta ya kumbura ko kika ga kumfa a ciki, ki zubar ba tare da ɗanɗanawa ba. Markaɗen da aka haɗa da attaruhu da albasa wurinsa firiza, in akwai wutar da za ta riƙe shi.

In ajiyarki ta ƙare kika koma na gwangwani ko na leda, shi ma yana da laikofin mai yawa, in dai tumatir ne da gaske. Ki juya bayan ki karanta abin da aka haɗa. Na kirki tumatir ne da ɗan gishiri. Wanda kika ga an jera sitaci da sukari da kala, haɗi ne, kuma gishirinsa sai ki lissafa shi cikin na maigida. Ragowar da kika buɗe kada ta kwana a gwangwaninta; ki juye a kwalba, ki zuba ɗan mai a sama, ki yi amfani da ita cikin kwana biyu zuwa uku.